TAKARDAR HAIHUWA: INDA AKE NEMANTA DA YADDA AKE SAMUNTA

Jawabin da malamin lekol na garinmu ya yi a taron ƙungiya. Mun buga shi don ƴan uwa da ba su samu halarta ba.



Maigari da dattawansa, liman da malamai, iyayena maza da mata, shugabannin ƙungiya, da ku ƴan uwana da kuka zo daga Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da waɗanda suka dawo daga Kurmi da Arewa, ina gaishe ku da gaisuwar girma. Ina neman iznin iyayena in yi magana gabansu. Ban fi kowa sani ba, sai dai aikin lekol ya sa kowace shekara takardun yara suna bi ta hannuna, shi ya sa shugabanni suka ɗora mini wannan magana.

Abin da aka ce in yi bayani a kai shi ne yadda mutum zai samu takardar haihuwa tabbatacciya, mai sa hannu da hatimin hukuma, daga ma'aikatar magajin gari, wadda muke cewa meri. Kafin in shiga bayani, ga magana guda da nake roƙon kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran. Takardar da ke cikin aljihunka reshe ce. Saiwarta tana cikin babban littafin hukuma, can wurin da aka haife ka. In sunanka yana cikin littafin, ko takarda ta ɓata sau goma, za a sake fiddo maka wata. In ba ya ciki, duk hatimin da aka buga maka bisa takarda, ado ne kawai.

AMFANINTA

Wani zai ce, kakanninmu sun rayu, sun yi noma, sun yi fatauci har Gwanja, ba su riƙe takarda ba. Gaskiya ne. Amma a zamaninsu shaidar mutum ita ce bakin mutane: an san ubansa, an san gidansu, an san zanen fuskarsa. Yau wanda zai tambaye ka ko kai wane ne bai san ubanka ba, bai taɓa jin sunan garinmu ba. Takarda kawai ya sani.

Ku dubi yadda takardun suke riƙe da juna. Sai da takardar haihuwa ake samun takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ake karɓa a gidan shari'a, kuma can sukan nemi ta ubanka ko ta uwarka haɗe da taka. Da ita ake yin katin ɗan ƙasa a komisariya. Da waɗannan ake yin fasfo, ko na aikin hajji ne ko na fatauci. Da katin ɗan ƙasa ake yanka layin waya, da shi ake karɓar kuɗin da ɗa ya aiko daga waje. Ma'aikaci ba ya samun kuɗin taimakon iyali sai ya kai takardun ɗiyansa. Kun ga ke nan, in ta farko ta rasa, sauran duka sun tsaya.

A lekol muna karɓar yaro ajin farko ko ba shi da takarda, don ba mu son ya zauna gida. Amma ranar da za a haɗa dosiyen jarrabawa, babu mai iya rufe ido. Na ga yara masu ƙwazo, waɗanda suka fi kowa lissafi a aji, hankalinsu ya tashi ana saura ƴan kwanaki a rufe karɓar dosiye, uba yana Abijan ko Legas, uwa ba ta san inda za ta dosa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyayena da suka yi ci-rani tun da daɗewa sun fi ni sanin darajar takarda a ƙasar mutane. A 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako 2 su bar ƙasar. A farkon 1983 Najeriya ta yi irin haka. Mutanen da suka shekara ashirin wuri guda, da shaguna da iyali, suka fito da abin da kai zai iya ɗauka. Kuma kun san tun watan Janairu na 2025 ƙasarmu ta fita daga ƙungiyar CEDEAO. Duk lokacin da al'amuran ƙasashe suka motsa, abin da ake fara tambayar matafiyi a kan iyaka shi ne takardunsa.

An samu ci gaba, ba a musu. Binciken da hukuma ta yi a 2006 ya nuna yara 32 cikin 100 ne aka rubuta haihuwarsu a Nijar. Na 2012 ya nuna sun kai 64 cikin 100. Amma waɗanda suka rage, yawancinsu ɗiyan ƙauye ne irin namu.

YADDA HUKUMA TA TSARA ABIN

Dokar da ke tafiyar da wannan aiki ita ce ta ranar 1 ga Yuli 2019, wadda ta maye gurbin ta 2007. Ta ba iyaye kwana 60 daga ranar haihuwa su je su bayyana ta. Bayyanawa cikin wannan wa'adi kyauta ce, ba a biyan ko dala.

Wuraren aikin iri uku ne. Akwai wuraren bayyanawa, wato gidajen likita da gidajen haihuwa, da ƙauyukan da aka ajiye wa littafin bayyanawa wajen maigari. Akwai ƙananan cibiyoyi a manyan garuruwa da unguwannin birni. Sannan akwai babbar cibiya, ita ce meri ta ƙaramar hukuma. Abin da aka rubuta a wurin bayyanawa, can ake kai shi, a shigar da shi cikin babban littafi, a ba shi lamba, jami'in hukuma ya sa hannu. A 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe su, amma ofishin rubuta haihuwa da aure da mutuwa yana nan wurinsa, yana aikinsa.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, don haka bari in rarrabe takardu huɗu da muke haɗawa da suna guda.

Ta farko, ƴar takardar da ungozomar likita take ba mai jego, ko wadda ake yagowa daga littafin maigari. Wannan shaidar bayyanawa ce. Ba ita ce takardar haihuwa ba tukuna. Mata da yawa sun adana ta shekara goma cikin kwalla, suna zaton sun gama, alhali ba a koma an karɓo ta gaskiyar ba.

Ta biyu, takardar haihuwa ta asali, wadda meri take bayarwa bayan an shigar da yaro cikin littafi. Tana ɗauke da lamba, da shekara, da sunan cibiyar, da sunan yaro da na uwa da uba.

Ta uku, wadda ake cewa ekstire. Ita ce sabuwar takardar da ake kwafowa daga littafin duk lokacin da ka nema, a manna mata tambur, a sa hannu, a buga hatimi. Ba mai iya ba da ita sai cibiyar da littafin yake.

Ta huɗu, hoton takarda da aka tabbatar, wanda muke cewa legalize. Kai ne za ka je da ta asali da hotonta, jami'i ya duba su biyu, in sun yi daidai ya buga hatimi ya shaida. Wannan ana iya yinta a garin da kake zaune, ba sai ka koma gida ba, muddin ta asali tana hannunka.

Katin iyali da ake biyan lanho da shi, da katin awon ciki, da katin rigakafi, duk suna da amfaninsu, suna kuma taimakawa wajen tuna shekara. Amma ko ɗaya ba ya tsayawa a matsayin takardar haihuwa.

IN AN RUBUTA KA: YADDA ZA KA NEMA

Da farko ka tambayi wanda ya aike ka, wace iri yake so, ekstire ko legalize, kuma guda nawa. Matambayi ba ya ɓata. Mutum yakan hau mota ya yi tafiyar yini biyu saboda abin da zai iya yi a unguwarsu da safe ɗaya.

In legalize ake so, ka ɗauki ta asali, ka yi mata hoto mai fita sosai, wanda lamba da hatimi suke karantuwa, ka je meri ko komisariya, ka sayi tambur. Kada ka yarda ka bar ta asali cikin dosiye. Dosiye yana tafiya ba ya dawowa.

In ekstire ake so, ko kuwa ta asali ta ɓata ko ta yage, sai a nufi meri ta wurin haihuwa. Ku lura da kyau, wurin haihuwa na ce, ba wurin zama ba. Wanda aka haifa nan garinmu, ko ya shekara talatin a Yamai, littafinsa yana ƙaramar hukumarmu. Ɗansa kuwa da aka haifa a Yamai, nasa yana cibiyar unguwar da aka bayyana shi, ko da kowa ya san shi ɗan garinmu ne.

Abu uku ke sa ma'aikaci ya gano ka da sauri: lambar takarda, shekarar da aka rubuta ta, da sunan cibiyar. Littattafan shekara shekara aka jera su, cikin kowace shekara kuma lamba lamba. Wanda ya zo da ukun nan, an buɗe shafinsa nan take. Wanda ya zo ya ce sunana Abdu ɗan Musa, an haife ni shekarar da aka yi fara, ya ba ma'aikaci aikin mako guda, don Abdu ɗan Musa sun fi a ƙirga. Saboda haka ko tsohon hoton takarda da ya koɗe, kada a yar da shi. Lambar da ke jikinsa ita ce mabuɗi.

Waɗanda aka haifa kafin 2004, shekarar da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, su tuna cewa a da ofishin sufurefe ne yake riƙe da wannan aiki a yawancin karkara. Su duba sunan cibiyar da aka rubuta a saman tsohuwar takardarsu, daga nan za su fara tambaya.

Ranar zuwa, a tafi da katin ɗan ƙasa. A je da safe, ranar aiki. Ranar kasuwa an fi samun mota, amma an fi samun cunkoso. Kuɗin tambur a biya shi wurin da aka tanada, a karɓi resi. In an ce ka dawo, ka tambayi rana, ka riƙe sunan ofishin. Kuma tun da ka riga ka sha hanya, ka nemi guda biyu ko uku.

Abu mafi muhimmanci shi ne kada ka bar bakin ofis sai an karanta maka takardar. Da faransanci aka cika ta, in ba ka karantawa ka tafi da yaron da ya yi lekol. A duba sunanka harafi harafi, da sunan uba, da na uwa, da rana da wata da shekara, da sa hannu, da hatimi. Kuskuren alƙalamin mai kwafi, nan take ake gyara shi. In ka kai shi Agadas kafin ka gani, ya zama tafiya ta biyu.

Ɗan ci-rani da ba zai iya zuwa ba, ya wakilta uba, ko uwa, ko ɗan uwa na jini. Ya aiko masa da hoton tsohuwar takarda da na katinsa ta waya, a buga su bisa takarda a tafi da su. In an samu, a ba amintaccen mutum ko a sa ta cikin ambulan a kamfanin mota, a riƙe hotonta a gida.

IN BA A TAƁA RUBUTA KA BA

Wanda kwana 60 suka wuce ba a bayyana shi ba, ko jariri ne ɗan wata uku ko dattijo mai furfura, meri ba ta da ikon shigar da shi littafi da kanta. Sai alƙali ya yi hukunci. Wannan hukunci shi ne muke cewa jujuma.

Ana zuwa gidan shari'ar da ke kula da yankin da aka haifi mutum. Ana tafiya da shaidu 2, manya, masu katin ɗan ƙasa, waɗanda suka san haihuwar da gaske. A tafi kuma da duk abin da zai taimaka: katin iyali, katin rigakafi, takardun iyaye, ko shaidar lekol. Alƙali ya saurara, in ya gamsu ya yi hukunci cewa wane ɗan wane da wance, an haife shi wuri kaza, lokaci kaza.

To, a nan ne da yawa suke tsayawa, alhali saura taki ɗaya. Hukuncin sai an kai shi meri an shigar da shi cikin littafi, sannan a fiddo maka takarda mai lamba. In ba a yi haka ba, ranar da takardar alƙali ta ɓata, ka koma inda ka fito.

Wannan hanya tana cin kuɗi: kuɗin shari'a, da tambur, da motar mutum uku zuwa da dawowa, da abincinsu, da yinin aikin da aka bari. Ku auna da wanda ya je cikin kwana 60 bai biya komai ba. Rigakafi ya fi magani. Sauƙin da ake samu shi ne lokacin da alƙalai suke fitowa zaman shari'a na tafi-da-gidanka, su sauka ƙauye su yi wa mutane da yawa hukunci a yini guda. In an yi shelar irin wannan, kada wanda ya ce sai ya gama shara ko sussuka.

Iyayenmu da aka yi wa jujuma a da, an rubuta musu kalmar nan ta nasara, ver, wato wajen shekara kaza, babu rana babu wata. Shi ya sa kuke ganin rabin dattawan gari an haife su ranar 1 ga Janairu bisa katinsu. Wannan ba aibi ba ne, takardarsu tana aiki. Sai dai bai kamata jikokinsu, da aka haifa zamanin waya da agogo, su gaji ver ba.

MAGANAR SUNA DA SHEKARU

Mu Hausawa mutum guda yana da suna uku. Liman ya raɗa masa Abubakar, gida ana ce masa Garba, abokai suna ce masa Bube. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari saboda kunya, sai ta ce Ɗan Ladi. Matar da aka tambaya sunan mijinta a gidan likita takan sunkuyar da kai, sai wata ta amsa mata da laƙabi. Wannan al'adarmu ce, muna girmama ta. Amma littafin hukuma bai san kunya ba, abin da aka faɗa masa shi yake riƙewa har abada.

Ga kuma rubutun faransanci. Suna guda ana rubuta shi Mahamadou, ko Mamadou, ko Mahamane, ko Mamane. Ana rubuta Hadiza, ana rubuta Hadizatou. A kunnenmu duk ɗaya ne, a idon ma'aikaci mutane daban daban ne. In sunan uba bisa takardar ɗa bai yi daidai da wanda ke bisa takardar uban ba, ranar neman shaidar zama ɗan ƙasa za a tsaya. Maganin abin shi ne uba ya je da kansa, da katinsa a hannu, ya ce a kwafi sunansa yadda yake a nan. A yi haka ga dukan ɗiyansa.

In kuskuren yana cikin littafin kansa, ba a goge shi da hannu, ba a shafa masa farin ruwa. Gidan shari'a ake komawa a nemi gyara. Haka nan in littafin ya lalace, ko gara ta ci shi ko ruwa ya shiga, hukuma tana da hanyar sake kafa shi, kuma tsohon hoton takardarka shi zai tsaya maka.

Yanzu zan taɓo abin da ba a son faɗi. A bakin ofisoshi akwai masu tare mutum su ce kawo kuɗi kaza, gobe ka zo ka karɓa, ba sai ka je garinku ba, ba sai ka kawo shaidu ba. Takardar da za su ba ka tana da hatimi, tana da kyau. Tambaya ɗaya ce: tana cikin littafi? In ba ta ciki, za ta wuce ka shinge ɗaya ko biyu, amma ranar da aka aika a bincika, ranar fasfo ko ranar ɗaukar aiki, sai a tarar lambar ta wani ce ko babu ta sam. Kuɗi sun tafi, kuma doka tana hukunta mai yin takardar jabu da mai amfani da ita, har da ɗauri.

Haka nan masu yi wa yaro sabon jujuma don a rage masa shekaru, alhali yana da takarda. Yaron ya zama mutum biyu: takardar jarrabawarsa ta farko da shekara ɗaya, ta biyu da wata. Yanzu da hukumomi suke shigar da sunaye cikin na'ura, suna ɗaukar zanen yatsa, irin wannan ba ya ɓoyuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Uba yana ganin ya taimaki ɗansa, ashe ya ɗaura masa dutse a ƙafa.

ƊIYAN DA AKA HAIFA WAJE

Ƴan uwa da ke zaune da iyali a Kano, Legas, Kwatano, Kumasi, Abijan ko Makka, ku saurara. Yaron da aka haifa can, a fara bayyana shi ga hukumar ƙasar, a karɓi takardarsu. Sannan a kai ta ofishin jakadancin Nijar ko ƙaramin ofishin jakadanci, kamar wanda ke Kano ko Jidda, a rubuta shi wajenmu. Kada a jira sai an dawo gida a ce nan aka haife shi, a sa dattawa su yi shaidar abin da ba su gani ba. Haihuwa a waje ba ta hana yaro zama ɗan Nijar. Ta wajen uba yana samu, tun 1999 ta wajen uwa ma yana samu, kuma tun 2014 doka ta yarda ɗan Nijar ya riƙe shaidar ƙasa biyu. Gaskiya ta wadatar, babu bukatar ƙarya.

GA IYAYENA DATTAWA

Na san abin da ya sa wasu ba su son rubutu. Zamanin nasara, in an zo ƙirga mutane, abin da ke biyo baya lanho ne, ko aikin dole, ko ɗaukar soja, ko a kama yaro a kai lekol ba da son iyaye ba. Wanda ya ɓoye ɗansa cikin rumbu a lokacin, yana da hujjarsa. Amma yau wanda aka ɓoye shi ne ya yi hasara. Kuma da ƙidayar yaran da aka rubuta ne hukuma take sanin inda ake bukatar aji, da rijiya, da gidan likita. Garin da bai rubuta ɗiyansa ba, ya rage wa kansa rabo.

Ina kuma roƙo a daina cewa mace ba ta bukata tun da gidan miji za ta. Ita ma za ta yi jarrabawa, za ta je hajji, za ta karɓi aike, za ta tsaya gaban alƙali ranar rabon gado. In mijinta ya rasu a ƙasar waje, da takardarta ne za ta tsaya wa marayunta.

ABIN DA NAKE BA ƘUNGIYA SHAWARA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abu biyar da nake ganin za mu iya, ba tare da jiran kowa ba.

Na ɗaya, mu haɗa takarda da suna. Abin da ke sa a makara, yawanci, shi ne ranar haihuwa yaro ba shi da suna, sai kwana 7, daga nan kuma hidima ta ɗauke hankali. To, ranar suna, bayan an shafa fatiha, liman ko wanzami ya tambaya a bainar jama'a: an bayyana yaro? Kwana 60 sun isa a yi suna, mai jego ta gama arba'in, har da saura. Wanda ya iya sayen rago da goro, tafiya wurin bayyanawa ba za ta gagare shi ba.

Na biyu, wanda zai tafi ci-rani ya bar mace da ciki, ya bar hoton katinsa, ya kuma faɗa wa ƙaninsa ko mahaifinsa cewa shi ne wakilinsa a wannan magana.

Na uku, ƙungiya ta sayi babban kaye, a rubuta kowane ɗan gari da lambar takardarsa, da shekara, da cibiya. Guda ya zauna wajen maigari, guda wajen magatakardan ƙungiya a birni. Ni da abokan aikina mun ɗauki nauyin rubutawa ranakun hutu.

Na huɗu, da damina, lokacin da kowa yake gida, mu bi gida gida mu ƙirga waɗanda ba su da takarda, yara da manya. Da wannan lissafi maigari da shugabanni za su je meri su roƙi a kawo mana zaman alƙalai nan garin. Wanda ya je da sunaye a rubuce an fi saurarensa.

Na biyar, a ware wani abu daga asusun ƙungiya don marayu da ɗiyan marasa ƙarfi, kuɗin tambur da motar shaidu.

Wanda ya samu tasa kuma ya adana ta. A sa ta cikin leda, cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da ɗigon ruwa. A ɗauki hotonta a waya, a aika wa ɗan uwa guda. Matafiyi ya tafi da legalize, ta asali ta zauna gida.

Iyayena da ƴan uwana, muna barin wa ɗiyanmu gona, muna barin musu gida da dabbobi. Mu haɗa musu da suna rubutacce a littafin ƙasarsu, don duk inda neman abinci ya kai su, su iya cewa ga ko ni wane ne, a duba a tarar haka ne. Wanda yake da tsohuwar takarda bai gane ta ba, ya kawo mini bayan taro ko ya same ni a lekol, mu duba tare.

 In na faɗi abin da ya yi wa wani nauyi, a yafe mini, ɗanku ne. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya, ya raya mana zuriya.